Ga Bindiga a Kugu, Me Ya Kawo Takobi?

Mutanen da suka ƙera kumbon da ke tashi daga wannan tauraro ya dira a wancan cikin ƙiftawa da bismillah, waɗanda ke da makamin da zai tarwatsa duniya sukutum da guda, su ne kuma idan rigima ta kai maƙura za ka ga jarumi da bos sun zare takubba, sun tsaya gaba da gaba suna kai wa juna sara. Wanda ya saba kallon finafinan almarar kimiyya, ko buga wasannin bidiyo masu wannan zubi, ya ga haka har ya daina mamaki. A Star Wars takobin na haske ne. A Dune wuƙaƙe ne da takubban ƙarfe. A Halo wani abu ne mai baki biyu mai walƙiya, a Warhammer 40,000 kuwa zarto mai inji aka yi wa ƙota aka ce ga takobi. Kuma babu ɗaya daga cikin waɗannan duniyoyi da ake ƙarancin bindiga a cikinta. To me ya hana a harbe mutum daga nesa kowa ya huta?

An taɓa ba da amsar gaskiya a fim, kodayake ba na almarar kimiyya ba ne. A Raiders of the Lost Ark na 1981, wani ƙato ya tare Indiana Jones a tsakiyar kasuwar Alƙahira yana juya takobi, yana nuna gwaninta. Jones ya dube shi a gajiye, ya zaro ƙaramar bindiga ya harbe shi, ya juya ya ci gaba da sha'aninsa. Dogon faɗa aka tsara tun farko, amma Harrison Ford, wanda ya fito a matsayin Jones, yana fama da ciwon ciki lokacin da ake ɗaukar wurin a Tunisiya, sai aka gajarta. Har yau in aka zo wurin sai 'yan kallo sun tuntsire da dariya, domin kowa ya san haka abin yake. Duk marubucin da zai ɗora takobi a hannun mutumin shekara dubu mai zuwa, sai ya nemo yadda zai kauce wa wannan dariyar.

Tambaya biyu ce aka cure wuri ɗaya. Akwai abin da ya sa mai labari yake son takobin, akwai kuma uzurin da yake ba mu a cikin labarin don mu yarda. Son ne ke zuwa da farko, uzurin daga baya ake ƙera shi.

A fara da kyamara. Harsashin AK-47 yana fita da gudun kimanin mita 715 a sakan guda. Lafiyayyen mutum yana buƙatar wajen rubu'in sakan kafin abin da idonsa ya gani ya motsa hannunsa, kafin nan harsashin ya ci kusan mita 180. Fim kuma hotuna 24 ne a kowane sakan, wato tsakanin wannan hoto da na gaba harsashi ya shafe kusan mita 30. Ba abin nunawa ke nan. Sai ƙara, sai wani ya faɗi. Shi ya sa ba a iya ɗaukar musayar wuta sai a yanke-yanke: ga wannan ya leƙo daga bayan gini ya yi harbi, a yanke, ga wancan can nesa ya sunkuya. Da wuya ka ga fuskokin biyu a hoto ɗaya.

Takobi kuwa tsawonsa bai wuce mita guda da 'yan kai ba, dole masu faɗan su matso har kowa ya ji numfashin ɗan'uwansa. Idan kaifi ya haɗu da kaifi suka danne juna, kyamara ta samu abin da take nema: ido cikin ido, gumi, cizon haƙora, da sararin yin magana. Ana iya ja da baya, a zame, a yanki mutum a kafaɗa ya daure ya ci gaba, a kaɓe makami daga hannunsa, a ɗora masa tsini a maƙogwaro sannan a fasa. Halin mutum ma yana fita a yadda yake sara. Mai fushi daban, mai haƙuri daban, wanda ya raina abokin karawarsa daban. Kunamar bindiga ba ruwanta da hali, yatsa ɗaya ne ke janta ko na waye.

Dubi karon Luke da Darth Vader a fim ɗin Star Wars na 1980, The Empire Strikes Back. Da farko da hannu ɗaya Vader yake riƙe da takobinsa, gwada yaron kawai yake yi. Yana tura shi baya sannu a hankali, daga wannan ɗaki zuwa wancan, har ya ƙure shi a kan wata siririyar gada da rami mai zurfi a ƙarƙashinta, ya sare masa hannu, sannan ya gaya masa cewa shi ne mahaifinsa. Maganar da ta fi kowace shahara a jerin finafinan ke nan, kuma takobi ne ya share mata fage: ya kawo su kusa, ya karya yaron bai kashe shi ba. Wanda ka harbe daga mita 500 ba za ka iya yi masa wannan albishir ba. Wanda ke cikin baƙaƙen kayan Vader lokacin saran ma gwani aka ɗauko, Bob Anderson, wanda ya wakilci Birtaniya a wasan takobi a gasar Olamfik ta 1952.

Akwai wata dabara kuma da ba kowa ke kula da ita ba. Kafin a ɗaukaka takobi, sai an fara gurgunta bindiga. Harbin bindigogin Star Wars wani tsinken haske ne da ido ke iya bin sa yana ratsa ɗaki, wato harsashin yau ya fi shi sauri nesa ba kusa ba. Ga sojojin daula masu fararen sulke da suka yi suna wajen kuskuren saiti. Duk da wannan rangwame, sai da aka ƙara wa jaruman Jedi baiwar jin abin da zai faru kafin ya faru, sannan suka iya kaɓe harbi da takobi.

Ba a banza ake wannan wahalar ba. Yaƙin gaske tuni ya bar inda ido ke gani. Tun yaƙin duniya na farko igwa ce ta fi kashe sojoji, kuma yawancinsu ba su ga wanda ya harbo ba. Yau ga makamai masu linzami, ga jirage marasa matuƙi da wani ke sarrafawa daga wata nahiya yana zaune a kujera. In da za a gwabza a sararin samaniya da gaske, tazarar ta dubban kilomitoci ce, aikin na kwamfuta ne, abin da ɗan Adam zai gani ɗigo ne a allo ya ɓace. Masu shirin zanen nan na Japan, Mobile Suit Gundam, sun gane haka tun 1979, sai suka ƙirƙiro wasu ƙwayoyin zarra da suka kira Minovsky, waɗanda in aka watsa su rada da rediyo sun daina aiki. Makami mai linzami ya makance, dole a matso a yi da ido, sai ga manyan mutum-mutumi suna sara da takubban haske. Takanas aka ƙago kimiyyar don a dawo da yaƙi inda kyamara za ta iya tsayawa.

Wannan ya kawo mu ga uzurori, kuma ba darajarsu ɗaya ba.

Mafi tsufa shi ne na mutunci. A 1912 Edgar Rice Burroughs ya fara buga labarin John Carter, tsohon sojan Amurka da ya tsinci kansa a duniyar Mars. Mutanen can suna da jiragen sama, suna da bindigogin da marubucin ya ce suna kai wa sama da mil 200. Amma al'adarsu ta hana ka mayar da martani da makamin da ya fi wanda aka zare maka. In aka zo maka da takobi, da takobi za ka tare, ko da bindiga na rataye a kugunka. Uzuri ne mai arha, domin ranar da aka samu maras kunya ɗaya ya karya al'adar, shi ne zai ci kowa da yaƙi.

Frank Herbert ya fi shi wahalar da kansa a littafin Dune na 1965. A duniyarsa duk mai hali yana ɗaure da wata na'ura a ɗamara wadda ke kewaye jikinsa da garkuwar da ba ta ƙarfe ba. Abin da ya zo da gudu sai ta mayar da shi, abin da ya zo a hankali kuwa ya ratsa, domin in ta toshe komai iskar shaƙa ma ba za ta shiga ba. Harsashi ya tashi a banza. Bindigar leza kuma in haskenta ya taɓa garkuwar, fashewa ce irin ta nukiliya da za ta iya cinye mai harbin da wanda aka harba. Me ya rage? Wuƙa, da hannun da ya iya kai farmaki da sauri sannan ya sassauta daidai lokacin da tsini zai shiga.

Abin da ya sa nake ganin uzurin Herbert ya fi na kowa shi ne bai kafa dokar ya tafi ya bar ta ba, ya bi ta har inda ta cije shi. A hamadar Arrakis garkuwar ba ta da amfani, domin kaɗawarta tana haukata manyan tsutsotsin yashi su taho a guje. Saboda haka mutanen hamadar, Fremen, ba su saba da faɗan garkuwa ba. Ranar da Paul, ɗan sarautar da aka horar da shi a wannan salo tun yana ƙarami, ya kara da wani daga cikinsu mai suna Jamis, sai horon ya zame masa cikas. Wajen kaucewa babu mai kama shi, amma duk sanda ya kai suka sai hannunsa ya sassauta a ƙarshe don ya ratsa garkuwar da babu ita, Jamis ya zille. Masu kallo suka ɗauka wulaƙanci ne, yaro yana wasa da babban mutum kafin ya kashe shi. Haka nan abokan gabar gidan su Paul, da suka kawo hari, sai suka tono tsohuwar igwa da duniya ta manta da ita saboda garkuwa, suka rufta koguna a kan sojojin da suka fake a ciki. Mai son gardama zai iya tambaya, ina hayaƙi mai guba, ina raga, ina wuta? Ɓarakar na nan. Amma dai dokar tana da farashi, kuma mutanen labarin suna biya.

Joe Haldeman, wanda ya yi yaƙin Biyetnam, ya yi irin wannan a The Forever War na 1974: wani kewayen kariya da babu abin da ke iya wuce gudun mita 16 da ɗoriya a sakan a cikinsa. Sojojin da suka ratso taurari sai ga su da takubba da kwari da baka. A hannunsa abin ya fi kama da ba'a ga yaƙi fiye da kirari ga jarumta.

Sai uzurin da aka fi ji a bakin masu musu: wai in ka yi harbi a cikin kumbo za ka huda bango, iska ta tsiyaye, kowa ya mutu. Biri ya yi kama da mutum, amma an zuzuta. A watan Agustan 2018 an samu huda mai faɗin milimita 2 a jikin kumbon Soyuz da ke maƙale da tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa. Masu lura daga ƙasa sun ga iska na raguwa a hankali, suka bar 'yan sama jannatin suka ƙarasa barcinsu, da suka tashi suka nemo ramin suka liƙe shi. Ramin harsashi ya fi wannan girma, kuma harsashi na iya samun waya ko bututun da rayuwa ta rataya a kansa, amma kumbo ba ya fashewa kamar balan-balan. Ban da haka, inda babu nauyi takobi ya fi bindiga shiga uku. Ƙarfin sara daga ƙafa yake tasowa, ƙafa kuma sai da ƙasa. Mai shawagi in ya kai sara da ƙarfi, shi ne zai kama juyawa.

Abin dariya, an taɓa tafiya sararin samaniya da bindiga da adda a haɗe, kuma ba don faɗa ba. A 1965 ɗan sama jannatin Sobiyet Alexei Leonov da abokin tafiyarsa sun sauka nesa da inda aka tsara, cikin dajin Rasha mai dusar ƙanƙara, suka kwana biyu kafin a fitar da su. Daga baya Tarayyar Sobiyet ta ƙera wa 'yan sama jannatinta wata bindiga mai baki uku, TP-82, wadda gindinta adda ce a cikin kube. Ta yi kimanin shekara 20 tana cikin kayan Soyuz daga 1986. Aikin addar saran itace ne da share hanya bayan an dawo duniya.

Hujja mafi ƙarfi da masu kare takobi ke da ita ta tarihi ce: bindiga da takobi sun yi zaman tare na wajen shekara 400 a fagen fama. Gaskiya ne, amma a duba dalili. Tsohuwar bindiga ta baki ake ɗura ta: a zuba albarushi, a jefa dalma, a danna da sanda. Ƙwararren soja harbi biyu ko uku yake samu a minti, kuma in abin harbin ya wuce mita 100 sai sa'a. Mahayin doki a sukuwane zai cinye wannan tazarar kafin a gama ɗuri na biyu. Don haka bayan harbin farko aikin ya koma na ƙarfe. Wajen shekarar 1700 aka samu banatin da ake ɗaurawa a bakin bindiga ba tare da ya toshe ta ba, ya kori dogon mashi daga rundunonin Turai. A teku kuwa, idan jirgi ya manne da jirgi aka tsallaka, gajeren takobi ne a hannun dama, ƙaramar bindiga mai harbi ɗaya a hagu. Wannan hoton ne almarar kimiyya ta ɗauka ɗungurungum ta kai sama. Kumbon fim jirgin ruwa ne aka sauya masa kaya: ga kyaftin, ga rundunar jirage, ga 'yan fashi, ga tsallakawa cikin jirgin abokan gaba.

Abin da ya raba wannan zama shi ne bindigar da ba ta jiran ɗuri. Samuel Colt ya yi rajistar tasa mai juyawa a 1836, Hiram Maxim ya fito da mai sarrafa kanta a 1884, tana aman harsashi wajen 600 a minti. A Omdurman ta Sudan, ranar 2 ga Satumban 1898, rundunar Halifa Abdullahi, da yawansu riƙe da masu da takubba, ta fuskanci sojojin Kitchener, janar ɗin Ingila, masu igwa da Maxim. Kafin rana ta take an kashe musu kimanin mutum 10,000. Ɓangaren Kitchener bai rasa 50 ba, kuma sama da 20 daga cikinsu sun mutu ne a sukuwar da wata rundunar dawakin Ingila ta yi da masu da takubba, wato a wurin da suka bar harbi suka shiga sara. Winston Churchill yana cikin wannan sukuwar yana ɗan shekara 23. Saboda tsohon ciwon kafaɗa ya mayar da takobinsa kube ya zaro ƙaramar bindigar Mauser, ya kuma fita da ransa.

Wuri ɗaya ya rage wa kaifi, shi ne kusa sosai. A 1983 wani ɗan sandan Amurka mai horar da harbi, Dennis Tueller, ya nuna cewa mai wuƙa zai iya cinye tazarar ƙafa 21, wato mita shida da 'yan kai, a cikin sakan ɗaya da rabi, daidai lokacin da ɗan sanda ke buƙata ya zaro bindiga daga kugu ya yi harbi. Masu son takobi suna yawan kafa hujja da wannan. Sai dai sharaɗin shi ne bindigar tana kube, mai ita kuma bai shirya ba.

A wasannin bidiyo lissafin ya sha bamban, domin a nan ba kallo kake yi ba, kai ne a ciki. Mai tsara wasa babban abin da yake tsoro shi ne 'yan wasa su gano hanya ɗaya mai aminci su lafe a kanta. Bindiga mai dogon zango kuwa abin da take koyarwa ke nan: nemi lungu, ɓuya, jira. Takobi shi ne maganin laɓe. A Halo 2 na 2004, inda aka fara barin ɗan wasa ya ɗauki takobin walƙiyar, sara ɗaya yake kashewa, kuma in ka matso har alamar saiti ta koma ja, sai ya fizge ka ya kai ka jikin abokin gaba. Amma kafin ka kai nan fa sai ka ratsa fili ana yi maka ruwan wuta, kai kuma ba ka da abin mayarwa. Caca ce: ka sayar da aminci ka sayi kisa nan take. Wanda ya hango ka tafe da shi yana da sakan biyu ya yanke shawara, ya ja da baya yana harbi, ya jefa gurneti, ko ya jira ka da bindigar da ke watsa harsashi a kusa. Daga makami ɗaya an samu wasa a cikin wasa.

Doom na 2016 ya fito da abin fili ƙarara. In jininka ya yi ƙasa, hanyar samun lafiya ita ce ka ruga ka gama da dodon da hannu. In harsashi ya ƙare, ka tsarge shi da zarto mai inji harsasai su zubo. Babu wata kimiyya a nan, kuma ba su yi da'awarta ba. So suke ka riƙa kutsawa gaba maimakon ja da baya.

Warhammer 40,000, wanda kamfanin Games Workshop na Ingila ya fitar a 1987, asalinsa a kan tebur ake buga shi da 'yan gumakan sojoji da ake fentawa da hannu. Teburin da aka daɗe ana amfani da shi a da ƙafa 6 ne a tsaye, 4 a kwance. Bindigar da sojojinsa suka fi shahara da ita inci 24 take kaiwa a kan teburin, wanda in aka auna da girman gumakan bai kai mita 50 ba. Makamin shekara ta 40,000 ke nan! In da an ba ta zangonta na gaskiya, babu wanda zai motsa daga inda aka ajiye shi, wasan ya mutu tun kafin a fara. Ga shi kuma kamfanin ya riga ya mallaki wasan barade da dodanni tun 1983, sai ya kwashe su ya kai su taurari da takubbansu. A Final Fantasy VII na 1997 ma ba a tsaya neman uzuri ba. Jarumin yana saɓe da takobin da ya kusa kai tsawonsa a birnin da ke cike da injuna, abokinsa kuma an dasa masa bindiga a madadin hannu, amma duka lambobi ne ake ragewa daga jinin abokin gaba. In mai wasa ya rubuta cewa sara ya fi harbi, to ya fi. Abin da takobin ya ba su shi ne siffa: ko inuwarsa ka gani ka san waye.

Duk wannan bayani ne na sana'a. Akwai wani abu kuma da ke biyo takobi duk inda ya shiga, wanda a ganina ya fi sauran nauyi. Takobi makamin 'yan gata ne. Kafin a iya shi sai an yi shekaru, sai da malami, sai da wanda zai ciyar da kai kana koyo. Bindiga kuwa cikin 'yan makonni ɗan ƙauyen da bai taɓa riƙe makami ba zai iya kayar da barden da ya shekara ashirin yana horo. Japan ta ga wannan da idonta. 'Yan Fotugal sun kawo bindiga tsibirin Tanegashima a 1543, kafin 1575 ta riga ta taka babbar rawa a yaƙin Nagashino. Duk da haka takobi ya zauna a matsayin alamar samurai, wato mayaƙan gado, shi ne ke raba su da talaka, har gwamnati ta hana yawo da shi a 1876. Shekara guda bayan haka sojojin da aka ɗebo daga cikin talakawa suka murƙushe tawayen samurai na ƙarshe. George Lucas, wanda ya ƙirƙiro Star Wars, bai ɓoye cewa ya sha daga finafinan samurai na Akira Kurosawa ba, musamman The Hidden Fortress na 1958, kuma da takobin ya taho, da darajar da ke rataye a jikinsa ya taho.

Ka lura da irin duniyoyin da takobi ke bayyana a cikinsu. A Dune akwai sarkin sarakuna da gidajen sarauta masu gadon duniyoyi. A Star Wars akwai gimbiya, akwai daula, akwai baiwar da ke bin jini daga uba zuwa ɗa. A Warhammer sarkin ma bauta masa ake yi. A Halo manyan mayaƙan abokan gaba ne ke riƙe takobin, ƙananan da ake turawa gaba su mutu bindiga ake ba su. Ka juya ka dubi Alien na 1979 da Aliens na 1986, inda mutanen ma'aikatan kamfani ne masu ƙorafin albashi da kuratan soja: babu takobi ko ɗaya. Ko da yake a can ma kyamara ta karɓi haƙƙinta, domin karon ƙarshe na Aliens gaba da gaba aka yi shi, jarumar tana cikin injin ɗaukar kaya tana dambe da uwar dodanni.

Labarin da ke son ya ce mutum ɗaya na musamman ne zai juya tarihi ba ya jituwa da makamin da ke daidaita kowa da kowa. Shi ya sa dubban sojojin da ke bayan fage suke da bindiga, ba su da suna, fuskokinsu ma a rufe, wanda aka zaɓa kuwa yana da takobin da ake gane shi da shi, sau da yawa na gado. Ba na ganin laifi ne a ji daɗin wannan, ni ma ina ji. Amma yana da kyau mutum ya san abin da ake sayar masa: an ce za a kai shi gaba shekara dubu goma, an mayar da shi zamanin da asali ke yanke wa kowa matsayinsa.

Manyan marubutan sun san haka, kuma wani lokaci sukan bari gaskiyar ta leƙo. A ƙarshen Dune ba wuƙa ce ta ci yaƙin ba. Da makamin nukiliya Paul ya fasa dutsen da ke kare birnin, guguwa ta kashe garkuwoyi, mayaƙansa suka shigo a kan tsutsotsi, sannan ya riƙe wuyan daular da barazanar lalata sinadarin da duk sufurinta ya dogara a kai. Bayan an gama duk wannan ne ya tsaya a gaban sarki da fadawa ya yi karon wuƙa da magajin gidan abokan gabarsa. Wannan karon biki ne na naɗi, don masu sarauta su ga jini ya zuba bisa ƙa'idarsu su sallama.

Lucas ma ya yi tasa a Revenge of the Sith na 2005. Da aka tashi kawar da Jedi, yawancinsu ba a karon takobi suka mutu ba. Umarni ɗaya aka aika wa sojojin da ke take musu baya, sarkin yawa ya nuna wa sarkin ƙarfi iyakarsa. Wani yana kan gada cikin dusar ƙanƙara yana kiran a biyo shi, ya waiwaya ya ga bindigogi sun juyo kansa, ya kaɓe harbi biyu ko uku sannan ya faɗi. Wata a baya aka harbe ta, ko zare takobin ba ta samu yi ba. Wani a cikin jirginsa aka kakkaɓo shi. Cikin 'yan mintoci kaɗan aka nuna duk wannan aka wuce, sannan fim ɗin ya ware dogon lokaci a ƙarshensa ga mutum biyu, malami da almajirinsa, suna saran juna a kan kogin narkakken dutse.